Fuskar Da Aka Aro A Bakin Titi

Ranar da ta fara zuwa shagonsa, yana tsugune a bakin ƙofa yana wanke burushi cikin gwangwanin kananzir, rigarsa duk ɗige-ɗigen fenti kamar jikin zabuwa. Inuwarta ya fara gani ta rufe masa gwangwanin, sannan ya ji sallama.

"Kai ne mai fentin da ya zana allon shagon askin can na kan kwana?"

Ya miƙe yana goge hannu a wando, abin da ya ƙara wa wandon lalacewa. "Ni ne, Malama. Wani abu ya ɓaci ne?"

Bai san ta ba, amma garin allin da ke bakin hannun rigarta ya gaya masa aikinta.

"Babu abin da ya ɓaci. Mutumin da ke tsakiyar allon, mai askin ƙwal-ƙwal ɗin nan, ba mai shayin bakin tasha ba ne?"

Mai fenti ya sunkuyar da kai. "Shi ne. Don Allah kar ki gaya masa, har yau bai gane kansa ba."

Ta yi dariya, sai ga wata siririyar wushirya ta bayyana. Shi kuwa ya tsaya sororo, burushi na ɗiga a kan ƙafarsa, bai ma ji ba.

Gaskiyar magana, wannan bawan Allah bai iya zana fuska daga ka ba. Ka ce ya zana kaza, ko mota, ko injin niƙa, zai yi maka ido rufe. Amma fuskar mutum sai ya gan ta a jikin mai ita. Sai ya fita titi ya aro, ya dawo ya ɗora ta a allo. Rabin mutanen unguwar suna rataye a ƙofar shagunan jama'a ba su sani ba.

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji ta. Ta zaro wasu takardu daga jaka. "Na rubuta wa yara labari. Yaran ajina, in na buɗe musu littafi mai hoto, sai su yi ta neman wanda ya yi kama da su. Rannan wata ta tambaye ni, wai ko aljanu ba sa kai ziyara wurin masu irin hancinmu ne. Na rasa amsar da zan ba ta, shi ne na zauna na rubuta."

"To ai maɗaba'a suna yin hoto da kwamfuta."

"Manajan maɗaba'ar ya yi mini. Yaran suka fito sumul kamar 'yan tsana. Babu mai giɓi, babu mai kaushi, babu mai kunne ɗaya a karkace. Ni fuskar da aka taɓa gani nake so."

Ya dubi takardun, ya dubi hannuwansa. "Malama, karatuna a hankali yake tafiya, kamar keke a yashi."

"Ba komai. Ni zan karanta maka."

Haka aka fara. In an tashi makaranta sai ta biyo, ya kakkaɓe mata benci ya shimfiɗa kwali don kar fenti ya taɓa ta. Tana karantawa, yana zane.

Labarin wata ƙasa ne da ke bayan wani dutse. A can, duk yaron da ya fara wayo sai a kai shi gidan Mai Gadin Fuskoki, ya cire masa fuskarsa ya ajiye a tulu, ya saka masa ta ubansa ko ta uwarsa. Daga ranar ɗan maƙeri ya zama maƙeri har tarinsa, 'yar mai saƙa ta zama mai saƙa har harararta. Kowa ya yarda, sai wata yarinya da ake kira Wushirya. Ita ta ce uwarta kyakkyawa ce, amma ba ta da wushirya, kuma ita da wushiryarta take fito, da ita take tsartar da ruwa ta ba ƙannenta dariya. Ba za ta bayar ba. A ƙarshe ta fasa tulunan, fuskoki suka tashi kamar tsuntsaye kowace ta nemi mai ita, aka cusa Mai Gadi cikin tulu ɗaya da ya rage aka jefa shi kogi.

Ran da ya nuna mata hoton yarinyar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan bakin na san shi."

"Aro na yi. Zan mayar."

"Yaushe?"

"Ran da mai shi ta zo karɓa da kanta, ta zauna ba ta tafi ba."

Ta tattara takardunta ta fita da sauri, ta manta jakarta a kan benci. Da yamma saƙo ya shigo wayarsa:

"Mai fenti, ka riƙe mini jakata. Kuma ka daina yi wa malamar makaranta irin wannan magana, sai da na wuce layinmu ban sani ba."

Ya daɗe yana haɗa amsa, yana gogewa yana sakewa:

"Wushiryata, jakarki tana nan lafiya. Na ba ta wurin zama mai kyau. Shagon ne dai ya yi duhu tun da kika fita, na kunna fitila bai yi magani ba."

"Sarkin Kala, ashe bakinka ma fenti yake shafawa."

"Wannan ba ya wankuwa da kananzir."

Kafin watan ya ƙare ya gaya wa kawunsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, cewa ya ga matar aure. Ita ma ta gaya wa Ummanta. Saura Baba.

Baba kuwa ba a shigar masa da gaggawa. Abin da mai fenti ya sani game da shi kaɗan ne: yana da kemis a wata unguwa, yana fita da sassafe, kuma tun tana ƙarama ya so ta karanci haɗa magunguna ta gaje shi, ita kuma ta zaɓi alli. Bai hana ta ba, amma bai taɓa tambayarta yaya aji ba. Sannan akwai Manajan maɗaba'a, mai mota da turare, wanda yake buga wa Baba takardun shago, ya kuma daɗe yana kai gaisuwar da ta wuce ta ciniki.

"Baba yana son sa," ta ce.

"Ke fa?"

"Ni na gaya wa Manajan littafi na kawo, ban kawo kaina ba. Ka bari littafin ya fito. Shi zan ɗora a hannun Baba in ce ga aikin mutumin, sannan kawunka ya zo."

Duk hotuna sun kammala sai ɗaya. Mai Gadin Fuskoki ya gagara. Ga yadda ta rubuta shi: dogo ne siriri, girarsa ɗaya ta fi ɗaya tashi, yana leƙen mutum ta saman tabarau, kuma kafin ya ce a'a sai ya share tebur da tafin hannunsa ko da babu ƙura. Mai fenti ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, ya zauna a ƙofar asibiti. Ya ga dogaye, ya ga masu tabarau, bai ga Mai Gadi ba.

Ana cikin haka aka kira shi rubuta allon wani shagon tayoyi, can nesa da unguwarsu. Yana kan tsani, sai idonsa ya faɗa cikin wani kemis a tsallaken titi. Wani saurayi na tsaye yana roƙon a sayar masa da wani magani ba takardar likita. Dattijon da ke bayan kanta ya leƙe shi ta saman tabarau, gira ɗaya ta tashi. Sannan ya sa tafin hannu ya share kantar, wadda take ƙyalli kamar madubi, ya girgiza kai.

Saura kaɗan mai fenti ya faɗo daga tsani. Ya yago bayan kwali ya zana shi nan take. Garin cike yake da kemis, ko kusa bai kawo komai a ransa ba.

Makon nan Malama tana fama da jarrabawar yara, ba ta samun leƙowa. Ya tura mata:

"Wushiryata, na samo dodonki. Wallahi kamar shi ya zauna kika rubuta."

"Alhamdu lillahi! Manaja ya dame ni da waya. Ka kai masa kai tsaye, na yarda da hannunka. Zan gani a littafi, in ji daɗin tsorata."

Ya kai. Manaja ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, wani murmushi na tasowa a gefen bakinsa.

"Ka tabbata wannan kake so a buga?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ka iya aiki."

Mai fenti ya fito yana jin daɗi, yana cewa ashe mutumin nan ba shi da mugun rai.

Ranar da abin ya fashe, yana cikin haɗa shuɗi da fari wayarsa ta yi ƙara.

"Me Babana ya yi maka?"

Bai gama karantawa ba wani saƙon ya shigo:

"Manaja ya kawo littafin gwaji har gida, ya miƙa wa Baba a gaban kowa. 'Yar yayata ta buɗe, ta yi ihu, ga Kaka, ga Kaka an saka shi a tulu! Baba ya karɓa ya duba, ya shiga ɗaki da shi. Ya ce littafi ba zai fito ba, kuma kar ya ji an ambaci mai fenti a gidansa. Ni ka tozarta, ba shi ba. Kar ka kira ni."

Ya zauna a ƙasa. Fentin da ya haɗa ya bushe a faranti yana kallo. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta ban haƙuri, ya goge. Ya rubuta rantsuwa, ya goge. Can sai ya jawo takardun labarin, ya bi da yatsa har ya kai wurin, ya kwafe mata shi harafi bayan harafi:

"Dogo ne siriri, girarsa ɗaya ta fi ɗaya tashi, yana leƙen mutum ta saman tabarau, kafin ya ce a'a sai ya share tebur. Wushiryata, ban taɓa sanin Baba ba. Wannan na ɗauka na shiga gari da shi ina nema, mutum ɗaya ne ya dace. Laifina ne da ban tambayi ko wane ne ba, kuma zan je in amsa shi. Amma ban yi don wulaƙanci ba."

Ranar ba ta amsa ba. Washegari ma shiru. Sai a rana ta gaba, lokacin hutun tara na makaranta, saƙo ya zo:

"Na karanta ya fi a ƙirga. Wallahi ban san shi nake rubutawa ba. Na zauna a aji ina kuka, yara suna ba ni haƙuri ba su san dalili ba. Ka yafe mini, Sarkin Kala. Manaja ya ce a cire hotunanka duka a sa na kwamfuta, Baba zai huce. Na ce masa ya ba ni takarduna."

"Kar ki yi faɗa da kowa. Gobe zan je wurin Baba."

"Zai kore ka."

"Sai in koma jibi."

Ya sa rigarsa guda da ba ta san fenti ba, ya tafi. Ya yi sallama, ya durƙusa a gaban kanta.

"Baba, ni ne mai fentin."

Dattijon ya leƙe shi ta saman tabarau. "Magani kake so?"

"A'a, Baba. Haƙuri na zo bayarwa."

"Ba ma sayar da shi, ba ma saye. Tashi ka ba mutane wuri."

Ya tashi ya koma kan bencin da ke waje ya zauna har aka rufe shago. Washegari ya dawo. Ya dinga dawowa, ya bar aikinsa a rufe, har masu shagunan layin suka saba da shi. Mai gyaran takalmi ya fara tsokanarsa: "Sabon mai gadi, yau ma ba a biya ka ba?" In tsohuwa ta zo sai ya taimaka mata hawa matakala. In rana ta juyo sai ya matsa da bencin. Bai sake cewa Baba komai ba ban da gaisuwa, Baba kuma bai amsa ba ban da ɗaga gira.

Kawunsa ya ce masa, "Kai, mata sun ƙare ne a duniya?"

Ya ce, "Ba su ƙare ba, Kawu. Ni ne na ƙare a wurin wannan."

Wata ranar da aka yi ruwa, layin ya yi tsit babu mai saye, ya rakuɓe a jikin bango yana kare kansa da kwali. Sai ya ji murya daga ciki.

"Kai! Shigo. In ka kamu da mura a ƙofata cewa za a yi ni na jawo don in sayar da magani."

Ya shiga yana ɗiga. Baba ya jawo aljihun tebur ya fito da littafin, ya buɗe shafin hoton ya ajiye a tsakaninsu.

"Kana tsammani wannan ne ya dame ni? Hoton ya yi kyau. Har tabon da ke haɓata ka sa, wanda matata ma ta manta da shi." Ya juya shafuka zuwa ƙarshe. "Na karanta littafin ne. Ko da ka zana jaki a wurin, zan gane kaina. 'Yata ta cusa ni a tulu ta jefa ni kogi, yara suna tafi."

"Baba, ba ta san..."

"Na san ba ta sani ba. Shi ya fi ciwo." Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Kowa a ƙasar nan tasu an mayar masa da fuskarsa. Maƙeri ya samu, mai saƙa ta samu. Shi wannan mai gadin fa? Haka aka haife shi da tabarau? Babu wanda ya tambaya ina tasa take, wa ya cire masa. Tulu ɗaya ya rage, maimakon a duba cikinsa sai aka cusa shi."

Mai fenti ya share ruwan da ke sauka daga gashinsa. Sannan a hankali ya ce, "Ban san amsar ba, Baba. Ban yi nisa a makaranta ba. Amma in akwai hotonka na yarinta..."

"Babu. Wa ya damu da ɗaukar mu hoto?"

"To in za ka zauna mini, zan neme ta."

"Ka nemi me?"

"Fuskar da ke cikin tulun."

Baba ya sa tafin hannu a kan kanta. Mai fenti ya rufe ido yana jiran a'a. Hannun ya tsaya wuri ɗaya, bai share ba.

"Ruwa ya ɗauke. Tafi gida ka canza riga."

Yana fita ya rubuta mata duk abin da aka yi, bai rage komai ba. Amsarta gajeriya ce:

"Gobe in an tashi makaranta ka jira ni a bencinka na ƙofar kemis."

Ta zo da allinta a hannun riga, idonta ya kumbura, amma tafiyarta babu tangarɗa. Ta shiga, ya bi bayanta. Ta durƙusa.

"Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini. Zan sake ƙarshen labarin. Amma abu ɗaya zan faɗa, ko za ka yi fushi. Wushirya ba za ta ba da fuskarta ba. Wannan ba zan canza ba, ko littafin zai mutu a aljihun teburinka."

Baba ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe.

"Wa ya ce ki canza? Taurin kan nan ai ba a titi kika tsince shi ba. Ni dai ki fito da ni daga kogi, sanyi nake ji."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara yi. Baba ya juya ga mai fenti.

"Kai kuma da ka tsaya kamar sandar lantarki, ka zo da fensirin ko sai na saya maka?"

Ya zo da shi. Tun ran da ya fara zaman benci yake yawo da shi a aljihu.

Aka jawo kujera kusa da ƙofa inda haske yake. Baba ya zauna a sandare kamar za a yi masa allura.

"Baba, a cire tabarau."

"In na cire ba na gani."

"Ni zan gani."

Ya fara da ƙashin goshi da tazarar idanu, waɗanda shekaru ba sa taɓawa. Ya tsallake tamoji, ya tsallake furfura, ya ciko kumatu. Amma abin da ke fitowa a takarda wani ƙaramin tsoho ne mai ɗaure fuska, ba yaro ba. Girar nan ta ƙi sauka. Ya ajiye fensir.

"Baba, da kana yaro, in an taso makaranta ina kake zuwa?"

"Shagon mahaifina. Wannan kantar tasa ce."

"Kafin a fara kai ka shagon fa?"

Malama ta ɗago kai.

"Tantabaru," in ji Baba, kamar wanda aka fizge maganar daga bakinsa. "Ina da su a kan rufin ɗakin girki. Ni na ƙera musu gida da katakon akwatin sabulu. Akwai wata fara mai baƙin wuya, in na yi fito daga bakin layi sai ta taso ta sauka a kaina. A kaina fa, ba a kafaɗa ba! Uwata ta yi ta faɗa wai za ta yi mini kashi a ka. Ta kuwa yi, ba sau ɗaya ba."

"Baba, kai ne da fito?" in ji Malama.

"Ke, duk layinmu babu wanda ya kai ni."

Fensir yana ta gudu. Baba bai lura ba, ya shiga ba da labarin yadda ake gane namiji da mace, da yadda shaho ya taɓa ɗaukar masa ɗaya ya bi shi da gudu har bayan gari ba takalmi. Girar ta sauka da kanta. Bakin ya saki. Idanun suka ƙanƙance don dariya.

"Ina suka tafi?" ta tambaya a hankali.

"Ran da aka fara kai ni shago, na dawo na tarar an ba da su. Mahaifina ya ce mai ba mutane magani ba ya warin tsuntsu." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba mugu ba ne. Shi ma haka aka yi masa."

Mai fenti ya juya takardar ya miƙa masa da hannu biyu.

Yaro ne, siriri, kunnuwa a buɗe, ya turo baki yana fito, farar tantabara zaune a tsakiyar kansa. Baba ya mayar da tabarau. Ya kai takardar kusa, ya kai ta nesa. Wata mata ta shigo neman maganin tari, ta ga yanayinsa, ta juya ta fita.

"Kunnuwan sun yi girma," ya ce daga ƙarshe.

"Zan rage, Baba."

"Kar ka taɓa. Haka suke." Ya goge idonsa da bayan hannu, ya gyara murya. "Shi wancan mai turaren, shekara nawa yana shigowa shagon nan. Ya ga fuskata, ya gane, ya buga, ya ɗauko ya kawo mini gaban jikokina. Kai ba ka san ni ba ka yi kuskure, ka zo ka zauna a rana. Ku nemi wata maɗaba'ar." Ya dubi 'yarsa. "Ke, wannan mai ɗigar fentin kike so?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Shi ne, Baba."

"To ka ce wa kawunka ina gida ranar hutu. Kuma ya zo da wuri, ba na son jira."

A sabon ƙarshen da ta rubuta, Wushirya ta fasa tulunan kamar da, ba ta ba da ko haƙori ɗaya ba. Amma da ta zo kan tulu na ƙarshe sai ta leƙa, ta ga fuskar wani yaro tana barci a ciki, ƙura ta rufe ta. Ta ɗauko ta, ta hure ƙurar, ta zagaya gari tana tambayar ta wace ce, babu wanda ya sani. Sai Mai Gadi ya miƙo hannu.

Ran da ta karanta wa ajinta, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi dai da an bar shi a kogin. Wata ta ce masa ai kai ma da an duba tulunka da ba ka cika cin zali ba. Sai da Malama ta raba su.

An ɗaura auren bayan fitowar littafin da ɗan lokaci. Mai gyaran takalmi ya zo, mai shayin bakin tasha ma ya zo, a nan ne wani ɗan tsegumi ya gaya masa maganar allon aski, ya ce ai shi ya daɗe da sani, kullum sai ya bi ta wurin ya gaida kansa. Da aka watse, Baba ya kira ango gefe, ya riƙe hannunsa wanda har ranar akwai ɗan shuɗi a ƙarƙashin farce.

"Na ba ka ita yadda take. Kar ka ce za ka mayar da ita uwarka, ko ni, ko kai. In Allah ya ba ku 'ya'ya, kowa ku bar shi da kunnuwansa."

"In sha Allah, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai."

Ango ya fito yana share ido, sai wayarsa ta motsa a aljihu. Amarya ce, daga cikin ɗaki inda ƙawaye suka kewaye ta:

"Sarkin Kala, an ce Baba ya sa ka kuka. Ka daure, mijin malama ba ya kuka a gaban yara."

Ya jingina da bango, ya rubuta a hankali kamar yadda ya saba:

"Ba kuka ba ne, Wushiryata. Daɗi ne ya yi yawa ya rasa hanyar fita."

Allah ya bar su tare, ya sa gidansu ya cika da dariya, ya ba duk mai nema irin nasa rabon.